Manyan Mutane, Ƙananan Motoci

Sana'ata haɗa haƙori ce. Ba ni nake cirewa ba, ba ni nake yin allura ba. Likita ne ke leƙa bakin mutum, ya ɗauko siffar dasashinsa, ya aiko mini da ita ɗakina da ke can bayan asibiti, ni kuma in zauna da kaki da roba da ƙarfe in ƙera abin da zai maye gurbin wanda ya faɗi. A Zariya na koyi aikin, na yi shekaru ina yinsa a Kaduna, kafin wani asibitin haƙori mai zaman kansa da ke Ulaya, a birnin Riyad, ya ɗauke ni. Gidana yana Shumaisi, hawa na biyu, a saman shagon wasu masu gasa gurasa. Kullum da safe motar asibiti ta kwashe mu, da yamma ta dawo da mu. A shekarun nan ne aka farfasa titin Ulaya ana haƙa hanyar jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba sai ta cinye maka awa guda.

Wanda ya jefa ni cikin abin da zan ba da labari wani likitan ƙashi ne ɗan garinmu Zariya. Unguwarsu tana bayan tamu. Ya girme ni da kaɗan, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba. A Riyad yana aiki a wani babban asibiti, yana zaune a irin rukunin gidajen nan masu doguwar katanga da masu gadi a ƙofa, inda Turawa ke zama. Idan muka haɗu a masallacin Juma'a yakan miƙo mini yatsu uku, idonsa na kan wani. Mun yi shekara biyu a haka. Sai ran nan da hantsi, ina cikin goge wani haƙori, mai karɓar baƙi ta bugo waya ta ce wani duktur, wato likita, yana nemana.

Na fito na same shi tsaye, rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri sabon haihuwa.

"Malam, ashe nan kake ɓuya? Ina kwana? Ya iyali? Ya yaran?"

Ranar ce karon farko da ya tambayi iyalina. Na shigar da shi ɗakin aikina. Ya sa na share tebur, ya buɗe kwalin, ya cire soso, ya cire wani soso, ya warware farin ƙyalle, sai ga 'yar mota. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, ruwan lemo, da baƙin layi a kan bonet. Madubin gefenta ɗaya ya karye, ga shi nan a cikin 'yar leda, bai kai ƙwayar wake ba.

"Ta yaran ce?" na tambaya.

Fuskarsa ta canja kamar na zagi mahaifinsa.

"Waɗanne yara? Malam, wannan ba motar wasa ba ce. Samfuri ne. Duk abin da ke jikin ainihin motar yana nan, an dai rage shi ne sau goma sha takwas. Motar Ostireliya ce, ta shekarun saba'in. Ka san nawa suka rage a duniya?"

Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. A ƙarshe dai ya fito da maganar. Motar ba tasa ba ce, ta wani Bature ce maƙwabcinsa, aro aka ba shi don ya kalla, garin share mata ƙura ya karya madubin. Kwana biyu ke nan, in ji shi, abinci ba ya shiga. Kuma ranar Juma'a zai mayar. Mutumin da ke tsaga cinyar ɗan Adam ya ɗaura masa ƙarfe hannunsa bai girgiza ba, shi ne a gabana yana zufa saboda madubin da ko ƙuda ba zai ga fuskarsa a ciki ba.

Na yanko 'yar wayar da muke ɗaure haƙoran yara da ita, na huda, na soka, na ɗiga roba, na shafa fenti. Minti ashirin. Ya karɓi madubin ƙara girma da nake aiki da shi ya duba, ya sake dubawa.

"Malam, ashe baiwa ce da kai haka? Allah ya yi maka albarka."

Na ɗauka an rabu ke nan. Bayan mako biyu ya kira ni. Bakinsa bai iya riƙe maganar ba, ya gaya wa Baturen, Baturen kuma ya kasa gane wane madubin ne aka gyara. Yanzu yana so ya gan ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Likita ya ɗauke ni a motarsa. A ƙofa masu gadi suka karɓi iƙamata, wato katin izinin zamana, suka leƙa ƙarƙashin mota da madubi, sannan suka ɗaga mana ƙarfe. Baturen injiniyan ruwa ne, ɗan Ostireliya, ya ba sittin baya, jan wuya gare shi kamar an gasa, sanye da gajeren wando. Matarsa ta daɗe da komawa gida. Da na shiga falon na gane dalili. Bango uku duk kabad ɗin gilashi ne daga ƙasa har sama, kowane da fitilarsa, kowane cike da ƙananan motoci a jere. Ba a buɗe labule a gidan, wai rana tana kashe fenti. Ba a kashe na'urar sanyaya ɗaki, wai zafi yana narka taya. Kujera huɗu kacal ta rage, sauran an fitar don a samu wurin kabad.

Kafin a ba ni ruwa, safar hannu aka ba ni. Fara, ta auduga. Kowa a ɗakin da irinta: mai gidan, wasu Turawa biyu 'yan ƙasarsu, Likita, da wani saurayin Balarabe ɗan masu hali. Shi Balaraben ya shigo harkar ne ta wata hanya da na iya fahimta. Manyan motocin nan masu faɗi da 'yan sandan Riyad ke hawa a lokacin, waɗanda kowane gidan Balarabe mai rufin asiri ke da ɗaya, ashe a Ostireliya ake ƙera su, a manna musu tambarin Amurka a turo. A irinta mahaifinsa ya riƙa kai su makaranta. Shi kaɗai ne a cikinsu yake da ta gaske a waje, mai shan mai, mai tafiya.

Na zaci za su nuna mini abin da suka tara su yi ta yabo, kamar yadda mai tattabaru ke yi idan ka ziyarce shi. Ina! Awa uku muka yi, ba wanda ya juya ya kalli kabad. Duk hirarsu a kan abin da babu ne. Me ya sa har yau kamfanin da ke yin ƙananan motocin bai fitar da mai ƙofa biyar ba? Me ya sa ba a yi ta 'yan tasi ba? An yi ta shekarar kaza, amma ta shekarar da ta biyo baya, wadda aka ɗan lanƙwasa wa bamba, an ƙi yi. Wannan, a cewarsu, cin mutunci ne. Suna da wani zaure a intanet inda irinsu daga ko'ina a duniya ke taruwa suna sa hannu a takardar koke. Ɗaya daga cikin Turawan, mutum mai jikoki, ya yi kusan minti arba'in yana bayani a kan murfin tankin mai da aka sa wa wata mota a ɓangaren da ba shi ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce ya rubuta wasiƙa uku ba a amsa ba. Sauran suna girgiza kai kamar ana ba su labarin ambaliya.

Su dai Turawan, na ce a raina, ƙasarsu ce, kewa ce ta yi musu yawa har ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne Likita. Bai taɓa taka Ostireliya ba. Mahaifinsa fata yake saye a kasuwar Tudun Wada, keke ma sai da ya tsufa ya mallaka. Lokacin da muke yara muna fafe karan dawa muna yin motoci, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, shi yana zaure da littafi, yana ce mana 'yan wasan banza. Yau ga shi ya haddace sunayen motocin wata ƙasa da shekarunsu da girman injinsu kamar mai shirin musabaƙa. Kuma "mu" yake cewa. "Mun daɗe muna jiran wannan." "Ba za mu yarda da wannan kalar ba." Idan mai gidan ya yi tsaki, shi ma ya yi. Sai daga baya na gane inda aka dosa: yana neman hanyar komawa Ostireliya da aiki, kuma wani ya gaya masa ƙanin Baturen babba ne a wani asibiti a can.

Da za mu tashi, mai gidan ya shiga ciki ya fito da hoto a cikin firem. Tsohon hoto ne, kalarsa ta koɗe. Wani dogon mutum da malafa ya jingina da wata mota mai ban mamaki: gabanta motar gida, bayanta a-kori-kura. Kalarta ruwan madara. A bayan akwai kare da damin ciyawa, can nesa tumaki.

"Mahaifina ke nan," in ji shi, da Turanci muke magana. "Wannan motar, ta wannan shekarar, ba kamfanin da ya taɓa yin samfurinta. Shekara goma sha biyu muna roƙo. Ina da 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu, guda biyu. Za ka iya yanka ɗaya ka mayar da ita wannan?"

Likita ya amsa kafin in buɗe baki. "Zai iya. Mutumina ne, ni na gano shi."

Ya kamata a ce na ƙi. Ban ƙi ba, kuma ba zan ɗora wa kowa laifin ba. Hannuna ne ya yi ƙaiƙayi. Shekara da shekaru ina yin abu iri ɗaya, turmi, fiƙa, haƙorin gaba, ga wani abu da ban taɓa gwadawa ba. Kuma hoton ya taɓa ni. Na ga a cikin duk shirmen nan, ga mutum ɗaya da ke neman wani abu mai ma'ana, yana so ya riƙe abin tunawa da ubansa.

Da na isa gida na ajiye kwalin a kan teburin cin abinci, maiɗakina ta leƙa.

"Maigida, wa aka saya wa mota?"

Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To. Yanzu kai da furfurar nan a gemunka, wani ƙaton Bature zai sa ka zauna kana yi masa abin wasa? Allah ya kyauta. Ka dai kwashe mini su kafin a zuba abinci."

Wata huɗu na yi, duk Asabar. Na yanke bayan motar da zarton da muke yanka siminti mai laushi na ɗaukar siffa. Na lanƙwasa falle-fallen ƙarfe na yi bodin baya. Fitilun baya na fara sassaƙa su da kaki, na zuba su da jar robar da muke yin dasashi. Kujerar gaba doguwa ce a hoton, ba biyu ba, sai na narka biyun na haɗe, na lulluɓe da fatar tsohuwar jakar maiɗakina da na kankare har ta yi kamar takarda. Sau uku ina haɗa fenti kafin in samu ruwan madarar nan. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. Akwai Asabar ɗin da kiran sallar la'asar ne ya sa na gane ban ci abincin rana ba.

Da na sa hoton a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na ga abubuwan da ido ba ya gani. Ƙofar hagu ta lotsa, lotsawa mai zurfi, kamar an bugi gungume. Akwai tsatsa a saman tayar baya. Gilashin fitila ɗaya ya tsage. A aikinmu, abu na farko da ake koya maka shi ne kada ka yi wa dattijo haƙori fari fat. Sai ka duba maƙwabtansa, in goro ya rina su ka ɗan rina shi, in sun ɗan karkace ka karkatar da shi, in ba haka ba duk wanda ya yi wa murmushi zai san na saye ne. Da wannan tunanin na yi aiki. Motar ubansa ya ce, to ga motar ubansa. Lotsawar nan kaɗai ta ci mini Asabar biyu. Tsatsar da garin kalar da muke rina haƙori na yi ta, da bakin allura.

Likita ya zo ɗaukata ranar kaiwa. Bai iya haƙuri ba, a cikin mota ya sa na buɗe.

"Subhanallahi! Malam, har da tsatsa? Har da tsagewar fitila? Wallahi yau sai mutumin nan ya yi kuka. Kai, wannan ai ya wuce aikin kamfani."

Muka shiga. Aka sa safar hannu. Na ɗora motar a kan tebur kusa da hoton, na ja da baya. Baturen ya sunkuya, ya zagaya ta dama, ya zagayo ta hagu, ya tsaya. Sannan ya nuna ƙofar da ɗan yatsa, bai taɓa ba.

"Mene ne wannan?"

"Lotsawar da ke cikin hoton ce," na ce.

"Na ce ka yi mini motar. Ban ce ka yi mini abin da tsohon nan ya yi mata ba."

Ya miƙe, wuyan nan ya ƙara ja. Ya ce mahaifinsa bai san darajar mota ba. Sati uku da sayenta ya buga ta da ginshiƙin ƙofar gona, kuma har ya mutu bai gyara ba. Bai taɓa wanke ta ba. Tumaki yake lodawa a ciki, da taki. Shi abin da yake so shi ne motar kamar yadda ta fito daga masana'anta, ranar farko, kafin kowa ya zauna a ciki.

Na juya wajen Likita. Ya riga ya haɗe fuska.

"Ai na gaya masa," ya ce wa Baturen da Turanci. Sannan ya juyo gare ni da Hausa, murya ƙasa-ƙasa: "Haba Malam, ai ka san ba a haka. Ka ba ni kunya."

Minti goma da suka wuce, a cikin motarsa, wannan bakin ne ya yi ta subhanallahi.

Da sauran Turawan suka ga an buɗe ƙofar kushe, sai su ma suka sa baki. Ɗaya ya ɗauko ma'auni ya ce bodin baya ya fi tsawo da kaurin farce. Mai wasiƙu uku ya ce a wannan shekarar hannun ƙofa ba haka yake ba. Balaraben ne kaɗai ya yi dariya, ya ce wallahi shi ta burge shi, in ba a so a ba shi. Mai gidan ya ce a'a, ai jikin motarsa ne aka yanka.

Don in sassauta ɗakin na tambaye shi yaushe mahaifin nasa ya rasu. Ya ce an kwana biyu, yana nan Riyad lokacin, aiki bai bar shi ya je ba. Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin yanayi. Sai muryarsa ta yi rawa: "Kuma kafin in isa, ƙanena ya sayar wa masu gwangwan da motar. Wannan ne ba zan taɓa yafe masa ba."

Daga wannan maganar na daina ganin girmansa. Na mayar da motar cikin kwali.

Maiɗakina ta ce in kai musu abinsu yadda yake, in ba sa so su jefa a shara. Na so in yi hakan. Amma na riga na ce zan yi aiki, kuma ban saba barin aiki a rabi ba, ko na wanda na raina ne. Na cike lotsawar, na goge tsatsar, na sake fitila, na rage bodin da kaurin farce, na sake fenti. Wannan karon ban ji komai ba. Na yi alkawarin kaiwa wata Juma'a.

Ana gobe Juma'ar, wani dattijo ɗan garinmu ya rasu. Direba ne a gidan wasu Larabawa, ya fi shekara ashirin a Riyad. Duk ɗan Zariyar da ya sauka a garin ya ci tuwon gidansa, ciki har da ni, ciki har da Likita lokacin da yake sabon zuwa bai san ko'ina ba. Aka samu takardun izinin binnewa da wuri, aka ce za a yi masa salla bayan Juma'a. Na kira Likita da safe.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa. Malam, wallahi ina kan aiki yau, akwai tiyata. Ka isar mini da gaisuwa."

Muka yi salla, muka bi gawa zuwa maƙabarta. Ba mu da yawa: direbobi, 'yan aikin gini, ɗalibai biyu, wani ma'aikacin jinya. Rana tana dukan ƙeya. Da aka gama na koma gida na ɗauki kwalin, ko wanka ban yi ba, na tari tasi. So nake in sauke nauyin nan in huta.

Da aka buɗe mini ƙofar falon, na tarar da su a tsaye, su biyar, sun kewaye kwamfuta. A allon ana nuna wata jar mota tana fitowa daga masana'anta a hankali, ma'aikata na tafi. Balaraben ya raɗa mini cewa yau aka rufe masana'antar mota ta ƙarshe a Ostireliya, daga yau ba za a ƙara ƙera ko ɗaya ba. Idanun mai gidan sun yi ja. Ya ce a yi shiru na minti ɗaya. Suka sunkuyar da kai. Na huɗu a layin, da farar safa a hannu, ya haɗa tafukansa a gaba kamar mai bin liman, Likita ne.

Da minti ya cika ya ɗago, muka haɗa ido. Na ga ya kalli ƙafafuna, ƙasar maƙabarta tana nan a kan takalmina.

"Likita, an gama tiyatar?" na ce da Hausa.

"Malam, ka fahimce ni. An ɗaga ta ne, kuma mutumin nan yana cikin wani hali yau..."

"Mun binne shi. An tambaye ka."

"Wa ya tambaya?" ya ce da sauri.

Na miƙa wa Baturen kwalinsa. Ya share ido, ya buɗe, ya duba ƙofar hagu, ya kawo ma'auni ya gwada. Ya ce yanzu ta yi. Ya buɗe kabad, ya matsar da wasu biyu, ya sa ta a tsakiya, ya kulle da ɗan makulli. Da ya ja da baya ni kaina sai da na nema kafin in gane wacce ce tawa. Bai ƙara kallonta ba. Ya juyo da takarda a hannu. Tun da masana'antu sun mutu, in ji shi, yanzu ne aikinmu ya zama wajibi. Sun zauna sun rubuta guda bakwai da ba a taɓa yi ba. Ta farko motar ɗaukar marasa lafiya ce, da gadonta a ciki.

"Ba zan iya ba," na ce.

"Za mu ba ka duk lokacin da kake so."

"Ba lokaci ba ne. Ba zan yi ba ne."

Ya kalle ni kamar bai ji Turancin ba. "To wa zai yi mana?"

"Ku rubuta wa kamfani wasiƙa," na ce. Na cire safar hannun da aka miƙo mini a ƙofa, na ajiye a kan kujera.

Balaraben ya biyo ni waje ya ce zai sauke ni. A ranar na fara shiga motar Ostireliya ta gaske. Faɗi gare ta kamar falo, injin yana gurnani a hankali, sanyi na ratsa ko'ina. A hanya ya yi tsaki ya ce shi damuwarsa ɗaya, nan da 'yan shekaru kayan gyara za su yi wuya. A duk koke-koken da na ji a gidan nan, wannan ne kaɗai na ji ya yi kama da na mai hankali. Ya tambaye ni daga ina nake da ƙura haka, na gaya masa. Ya yi wa mamacin addu'a, ya kashe rediyo har muka isa Shumaisi.

Ban sake taka gidan ba. Bayan kamar shekara ɗaya na ji Baturen ya gama kwantiraginsa. An ce wata biyu ya yi yana naɗe motocin ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar tafiya ya tayar da rigima a filin jirgi saboda an ce wani kwali ba zai shiga da shi ciki ba. Likita ya raka shi har can, shi ya tura masa amalanken kaya. Ya sa rai za a bar masa ko da guda biyu, ko a ba shi lambar ƙanin nan. Abin da aka bar masa kabad ɗaya ne, babu komai a ciki, sai ya nemi motar da za ta kwashe. Maganar ƙanin kuwa, ashe shi da Baturen ba sa ko gaisawa.

Ƙarshen ganina da Likita kafin in bar Riyad, a harabar masallaci ne. An kawo musu sabon shugaban sashe a asibiti, wani Bature daga wata ƙasar. Likita ya ja ni wajen motarsa, ya buɗe but, ya nuna mini doguwar jaka cike da sandunan ƙarfe na wasan golf. Ya zaro ɗaya, ya gyara tsayuwa a kan kwalta, da babbar rigarsa da hularsa, ya nuna mini yadda ake karkata kafaɗa. Ya ce akwai fili a bayan gari, ciyawa kore shar a tsakiyar hamada, duk Asabar suna can. Ya ce wasa ne na masu natsuwa, ba kowa ke gane shi ba.

"Allah ya taimaka, Likita," na ce.

Na bar shi yana dukan iska, na tsallaka titi na sayi gurasa mai zafi, don an ce mini miyar kuka aka yi a gida kuma garin tuwo ya ƙare.